Hannun Asta a Buhun Buntu

Asta ta shekara talatin da ɗoriya tana turara shinkafa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ba ta taɓa sayen itace ba. Buntun da injin casa ke tofarwa, wanda ya zame wa kowa kaya, shi ne makamashinta. Da shi ta raini marayu huɗu.

Sai aka kafa ƙaramar tashar lantarki a bakin gari. Buntu take ci: a ƙona shi, ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji. Masu casa suka miƙa wa tashar buntunsu kaf, murhun Asta ya mutu. Da ta kwana tara ba ta ɗora tukunya ba, ta yafa mayafi ta tafi roƙon ko buhu ɗaya.

Ta tarar da Sabi'u, injiniyan tashar, cikin hayaƙi, idanu jawur. Wutar ta ƙi kamawa tun shekaranjiya.

"Iya, ki yi haƙuri, yau ba na sauraron kowa."

"Ɗan nan, tukunyarka ce ta fi tawa girma, amma duk turare muke."

Ta zura hannu cikin wani buhun buntu da ke gefe har gwiwar hannu, ta zaro, ta shafa masa a kunci. Sanyi ƙalau.

"Wa ke kawo maka?"

"Maikuɗi mai amalanke."

Asta ta yi murmushi. Al'adar garin ce a yayyafa wa buntu ruwa kafin a ratsa unguwa da shi, kada iska ta watsa wa mutane ƙaiƙayi a ido. Maikuɗi kuwa mai kunyar maƙwabta ne, har bokiti biyu yake zubawa. Sai sama ya bushe a hanya, ciki kuwa ya zauna a jiƙe.

Ta sa aka baza buntun a siminti, ta cire takalmi, ta riƙa ratsa shi da ƙafa yadda ake juya shanyar shinkafa. Bayan la'asar inji ya tashi.

"Iya, me zan ba ki?"

"Buhu biyu kullum. Busasshe."

Har yau kowace amalanke sai ta tsaya a gaban Asta, ita kuma ta zura hannu cikin buntun. Maikuɗi ya daina yayyafi, tabarma yake rufawa. Da hantsi kuma hayaƙi na tashi daga gidan Asta.