Malamar da Ta Ƙi Riƙe Bulala

Kullum kafin a buga ƙararrawa, Malama Sannu-Sannu ta riga ta buɗe ɗakinta ta jera kujeru uku: biyu na masu faɗa, ɗaya ta ɗalibin da zai sasanta su. Ita kuwa a bakin ƙofa take zama tana duba littattafai, kamar ba ta jin komai. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don duk wanda ya shigo yana huci sai ta ce, "Sannu-sannu. Sha ruwa tukuna, sannan ka gaya min abin da ke cin ka. Fushi ne ko kunya?"

Ɗakin ma ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ne. Shekara ashirin da shida tana roƙon a ba ta aji, ana ce mata sai baɗi. Malamin horo kuwa, mai bulala, ofishinsa har da fanka.

Wata shekara 'yan ajin ƙarshe biyu suka kaure da faɗa saboda wata ba'a da ɗaya ya yaɗa ta waya. Washegari mai gadi ya hangi almakashi a aljihun wanda aka yi wa ba'ar. Shugaban makaranta ya rubuta takardar korar su duka, saura wata biyu jarrabawar fita. Malama ta tare shi a baranda.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku."

"Malama, nan makaranta ce, ba kotu ba."

"In muka kore su, a titi za su ƙarasa abin da suka fara."

Da ƙyar ya yarda. Ta zaunar da wata ɗaliba da ta horar a tsakanin yaran biyu. Yarinyar ta ce, "Ba katsewa. Kuma kafin ka ba da amsa, sai ka maimaita abin da ɗan'uwanka ya faɗa." A rana ta biyu mai almakashin ya fashe da kuka, ya ce tafiyar mahaifinsa aka kwaikwaya, alhali shanyewar ɓarin jiki ce ta mayar da shi haka. Ɗayan bai sani ba. Ya zo maimaitawa, sai ya nemi gafararsa. Duk biyun sun zauna jarrabawa.

Makon jiya aka yi taron sallamarta. Shugaba ya shafe rabin awa yana cewa tsauraran dokoki ne suka kawo zaman lafiya a makarantar, aka tafa wa mai bulala. Sunanta a ƙarshe aka karanto, shi ma da kuskure. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babu ko malami ɗaya da ya miƙe ya gyara, abin kunyar ke nan.

To, Malama, mu mun gani. Ke ce kika koya wa yara cewa haƙuri ba tsoro ba ne, kuma sauraro ba faɗuwa ba ce. Ke ce ruwa mai kashe gobara tun tana tartsatsi, shi ya sa ba a ga aikinki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Sauranmu kuwa, kada mu jira sai an ba mu ofis. Duk wanda ke da yara biyu a gida yana da inda zai fara.