Agogon Baba da Tafiyar Tela

Ni na saya wa Baba agogon, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. A asibitin da nake aikin jinya aka auna shi aka ce jininsa ya hau, shi kuma ya ce na'urar ce ba ta da kyau. Sai na samo masa irin agogon hannun nan da ke ƙirga bugun zuciya, wanda yake girgiza ya nuna ja in bugun ya yi yawa. Na haɗa shi da wayata, yadda ko ina wurin aiki zan san lokacin da ya kamata in tuna masa da magani.

Baba malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Tun muna yara bai taɓa yarda cewa ya yi fushi ba. Ko ya ɗaga murya har kajin Inna sun watse, cewa yake yi bayani yake yi. A wurinsa mutane kashi biyu ne, masu aiki da ƙwaƙwalwa da masu aiki da zuciya. Shi kaɗai ne a kashi na farko, mu da Inna da limamin unguwarmu duk muna na biyu.

Sati bai cika ba ya mai da agogon shaidarsa. Da musu ya tashi tsakaninsa da Inna, kan gishirin miya ko kan wanda ya bar famfo a buɗe, sai ya miƙa mata hannu.

"Duba nan. Saba'in da huɗu. Wa yake fushi a cikinmu?"

"Malam, ni ban iya karatun agogo ba. Fuskarka nake gani."

"Fuska ba hujja ba ce."

Akwai ranar da ya kira ni ina tsakiyar ɗaura wa mara lafiya ƙarin ruwa, wai in buɗe wayata in faɗa wa Inna lambar da ta nuna da ƙarfe goma da kwata. Na ce masa ina aiki. Ya ce minti ɗaya ne.

Aboki ɗaya Baba yake da shi, wani tela mutumin kudu, Kirista, mai shago kusa da barikin Shadawanka. Yana saurayi ya zo Bauchi, ya fara da gyara kakin sojoji da ɗinkin matan bariki, har ya ƙware a kaftani. Baba Tela muke ce masa. Shekara arba'in bai gyara Hausarsa ba, in ya gan ni sai ya ce, "Ina babanka? Ta ci abinci?" Kullum bayan la'asar Baba yana kan bencin shagonsa suna buga dara suna gardama har a kira magariba.

Wata ranar Lahadi ya zo gidanmu bayan ya taso daga coci. Matarsa ta rasu, idonsa ya fara rauni, 'yarsa ta matsa masa ya koma gida. Ya ce ranar Asabar da safe motarsa za ta tashi.

Baba ya gyara zama. "Shawara ce mai kyau," in ji shi. "Mutum ya tsufa, 'ya'yansa suna can. Ko ni aka tambaya haka zan ce."

Sai duk muka ji agogon yana girgiza a hannunsa. Ya ja hannun riga ya rufe shi, ya tambayi baƙon ko a kawo masa ruwa.

Daga ranar ya daina zuwa shagon. Wai mutumin yana haɗa kaya, bai kamata a dame shi ba. Ni kuma ina wurin aiki ina ganin wayata. Da an idar da la'asar sai lambar ta fara hawa, ta wuce ɗari, ba ta sauka sai magariba. Ranar Talata na nuna masa.

"Agogon ya lalace," in ji shi. "Ki kai shi gyara."

Na kai shi kasuwar Wunti. Mai gyaran ya ɗaura a hannunsa, ya ɗaura a nawa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Da na dawo da wannan labari Baba ya ce mutumin bai san aikinsa ba. Sai ya ɗauko tsohon littafinsa da rula, ya ja layuka, yana rubuta abin da ya ci da abin da ya sha da lokacin da bugun ya hau. Ranar Alhamis ya kira mu ni da Inna ya sanar da mu sakamako: masar da yake ci da rana ce. A daina saya.

Raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana. Na ɗauko wayar na sa masa a gaba, na nuna masa kwana huɗu a jere.

"Baba, masa ba ta san la'asar ba. Lokacin da kake zuwa shagon ne. Kewarsa kake yi tun bai tafi ba. Ka tashi ka je ka gan shi."

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, "abu biyu su faru lokaci guda ba ya nufin ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Na koya miki wannan."

Na buɗe baki zan mayar, Inna ta ja ni zuwa madafi. Ta ce, "Ke ma irinsa ce. Shi ya ɗaga agogo, ke kin ɗaga waya. Kwana huɗu kina leƙen zuciyar babanki daga asibiti, ko sau ɗaya kin zauna kusa da shi da la'asar ɗin?"

Ban zauna ba. Na ji haushinta don ta yi gaskiya, na ji haushinsa don shi ya jawo, na koma ɗakina ina ta maimaita amsoshin da ya kamata in ba su. Washegari na dawo da wuri na zauna da shi a zaure. Ya karanta min labaran rediyo da ya riga ya ji, ya yi min bayanin yadda ake gano tsawon bishiya daga inuwarta. Bai ambaci Baba Tela ba, ni ma ban ambace shi ba.

Ranar Asabar ni kaɗai na je tasha. Baba ya ce ban kwana al'ada ce kawai, ba ta ƙara komai ba ta rage komai. Baba Tela yana tsaye kusa da jakunkunansa da kan keken ɗinkinsa naɗe cikin bargo, yana amsa gaisuwar matan bariki, idonsa yana bayana.

"Ba za ta zo ba?"

Na ce ba ya jin daɗi ne. Ya yi murmushi ya ce, "Na san ta. Shekara arba'in, ko sau ɗaya ba ta yarda na cinye ta a dara ba." Ƙarfe bakwai motar ta tashi.

Na tsaya cefane, sai wajen tara da rabi na isa gida. Na tarar da Baba a zaure cikin babbar riga, ya sa hula, ya fesa turare.

"Mu je," in ji shi.

"Ina?"

"Tasha."

"Baba, motar ta tashi tun bakwai. A gabana."

"Motocin kudu ba sa tashi kan lokaci. Na yi lissafi."

Ya ƙi jin komai. Muka tari napep muka koma. Wurin da motar take babu kowa sai mai shara. Ya tsaya yana kallon wurin, ya daɗe, na ga laɓɓansa suna motsi, na yi zaton yau dai zai faɗi wani abu. Sai ya juya ya nufi mai sayar da tikiti, ya shiga yi masa faɗa kan yadda za a ce mota ta tashi ba a jira masu rakiya ba. Mutumin ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Haka muka koma gida.

Bayan sati biyu 'yar Baba Tela ta kira wayata ta bidiyo, na riƙe wa Baba. Tsofaffin biyu suka yi ta kallon juna. Can Baba ya tambaye shi awa nawa suka yi a hanya da inda suka tsaya, ya lissafa masa gudun motar da baki, ya ce direban ya yi ganganci. Suka yi sallama.

"Shi ke nan abin da za ka ce masa?" na tambayi Baba.

"Me ya rage?"

Bayan nan teloli uku ya gwada a gari, kowanne ya ce ya ɓata masa wuyan riga. Daga ƙarshe ya sayi shadda ya sa ni na kai tasha aka aika kudu, ga mutumin da da ƙyar yake zura zare a allura. Na ce wannan ba aikin hankali ba ne. Ya ce Baba Tela ne mai awonsa.

Rigar ta dawo bayan wata guda, hannun hagu ya fi na dama tsawo, aljihun a karkace. Na ce ya kawo in kai a rage hannun. Ya hana. Da ita ya je masallacin Juma'a a satin, ya naɗe hannun sau biyu, ya dawo yana gaya wa Inna cewa har mutum uku sun tambaye shi wanda ya yi ɗinkin.