Makullin Rufin Falalu

Duk wanda ya taɓa zama a imarar nan, wato benen nan mai hawa biyar na unguwar Tandabawi a Makka, ya san Falalu Kabo, kuma da wuya ka ji mai yabonsa. Haifaffen Makka ne, jikan wani Bakano da ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, yana daka wa bayin Allah tsawa su shiga su fita. Da ya ajiye tuƙi, sai ya mai da imarar ta zama bas ɗinsa.

Ba wanda ya naɗa shi shugaba. Shi ke kiran motar ruwa, shi ke zagin wanda ya tare ƙofa da mota. Shi ne kuma ya garƙame ƙofar rufi ya jefa makullin a aljihu, wai shanyar mata na firgita masa tantabaru. Tantabaru fa, jama'a! Shekara shida matan gidan suna shanya a tagogi da bayan kujeru.

A 2017 masu gidajen da ke cikin imarar suka yi wa ƙungiyarsu rajista a hukumance, ya zama dole a zaɓi shugaba da ƙuri'a. Falalu ya ji daɗi, ga mulki ga hatimi. Wanda ya fito ya kara da shi Awwalu ne, malamin makaranta da ke hawa na uku, alkawarinsa kuma ɗaya tak: zai buɗe rufi. Falalu ya yi kwana goma yana bin mazan imarar da shayi da dabino, har ya tabbatar da mutum bakwai cikin goma. Ko mace ɗaya bai tanka wa ba. A wurinsa taro ba na mata ba ne.

Ranar zaɓe, bayan La'asar, aka hallara a harabar ƙasa. Abdulganiyyu, ma'aikacin ofishin gidaje da aka ɗauko ya gudanar da zaɓen, ya buɗe fayil ya ce ƙuri'a ta wanda sunansa ke kan sakki ce, wato takardar mallaka. Ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago kai.

"Ammu Falalu, ban ga sunanka ba. Gida na tara na Khadijatu Garba ne."

Gaskiya ne, mantawa ya yi don ya ga dama. Da diyyar gidan mahaifinta na unguwar Jarwal da aka rushe matar tasa ta sayi gidan.

"Matata ce, ya walad, kai yaro! Abin da ke nata ai nawa ne!"

"In ta sa hannu ta wakilta ka, ka yi zaɓe. In ba haka ba, wallahi ko takara ba ka da ita."

Falalu ya leƙa matakala ya ƙwala mata kira, irin kiran da yake yi wa alhajin da ya makara. Khadijatu ta sauko a hankali, gwiwa na damunta, hannunta duk kumfar wanki. Ya cusa mata biro.

Ta dubi takardar, ta dube shi, ta ajiye biron a tebur, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Bandar, sau nawa na roƙe ka makullin nan? Cewa ka yi ba ruwan mata. To, yau da ruwana. Malam Awwalu na zaɓa."

Falalu ya juya wajen mutanensa bakwai. Uku daga cikinsu su ma gidajen na matansu ne, kowa ya sunkuyar da kai. Aka aika sama, matan suka sauko da kansu, suka zaɓi Awwalu.

Kafin Magariba zannuwa sun cika rufin, tantabaru na ta kewaya sama sun rasa wurin sauka. Awwalu kuwa da ya karɓe makullin daga wurin Falalu, hannun Khadijatu ya damƙa shi.

Tun daga ranar, kullum da safe Falalu kan tsaya bakin ƙofar kicin da kwanon gero a hannu, yana jira ta gama abin da take yi ta ba shi aron makulli.