Muryoyin Mu'awiya

Mu'awiya mai gyaran rediyo maƙwabcina ne a Tambuwal, katanga ce kawai ta raba mu. A waje ko gaisuwa ba ya iya ja da tsawo, amma in ya shiga gida sai ka rantse mutum goma ne a ɗakin. Ga muryar kare, ga ta tsohuwa, ga ta wani ɓera mai tsiwa, duk daga bakinsa.

Tun ƙuruciya abin ya kama shi. Gidansu babu talabijin, ta tagar wani malamin gona yake leƙen katun, kuma da yake ba ya jin Turanci, sai ya riƙa sa wa zanen magana da kansa. Da Allah ya ba shi 'ya ɗaya, Nasiha, ya ƙudura sai ta ga abin da ya gani. Ya bi tsofaffin kaset na katun har Sanyinna da Dogon Daji, ya kwashe su cikin wata tsohuwar kwamfuta marar gilashi, sannan ya zauna da makirufo ya ɗora musu Hausa da muryarsa. Kwamfutar tana shagonsa na zaure cikin tarkace, ya huda bango ya ja waya zuwa talabijin ɗin ɗakin matarsa Zahara'u. Ita dai abin da ta sani, in ta danna rimot Mu'awiya zai fara surutu. Ni kuwa tsiya nake masa ta katanga, magidanci da gemu yana haushi da rana tsaka.

Daminar bara babur ya kayar da shi a hanyar Kebbe. Bai kwana ba, ya cika.

Da yake bai bar ɗa namiji ba, ƙaninsa Atiku ya shiga cikin magada. Ranar rabo aka fito da kaya tsakar gida. Zahara'u tana takaba, daga bayan labule ta yi roƙo ɗaya.

"Ku bar muna talabijin. Ku ɗauki komi, amma muryar uban ɗiyag ga na ciki."

Dattawa suka tausaya, Atiku ma bai ja ba. Aka ba shi tarkacen shago ya loda a mota. Wayar da ke bango wani ya zare ta, aka yi igiyar shanya da ita.

Zahara'u ta lulluɓe talabijin da zane, don mai takaba a wajenmu ba ta kallon abin dariya. Duk sanda Nasiha ta dame ta sai ta ce, "Bari in fita takaba. Baba na nan ciki, ba inda za shi."

Ranar da ta fita takaba ta kira ni, muka zauna, ta yaye zanen ta danna rimot. Shuɗi kawai. Muka aika wa Gazali, abokin sana'ar marigayi. Ya leƙa bayan talabijin, ya ga hudar bango.

"Ina kwamfutad da ka zaure? Wanga gilashi na kawai, komi can yake."

Washegari muka hau mota sai Kebbe wajen Atiku. Atiku sana'arsa tura fina-finai a wayoyin mutane, kuma ƙa'idarsu ce duk ma'ajiyar kwamfutar da ta shigo hannu a share ta tas kafin a zuba sabo. Ga kwamfutar bisa tebur tana aiki, an goge mata ƙura.

"Na duba ta," in ji shi. "Tsoffin katun na na yara, hoton ma bai fita. Sai nig goge."

Zahara'u ta ce, "Ba ka saurara ba?"

"Ba sifika gare ta, Yaya."

Na gaya masa muryar wa ke ciki. Na zo da baƙar magana cike da baki, amma da na ga ya zame ƙasa ya dafe kai, sai na haɗiye ta. Shi ma wansa ya rasa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma na rasa wanda zan ɗora wa.

Talabijin yana nan, an mayar masa da zanensa. Da rana nakan ji Nasiha ta katanga tana gwada muryar ɓeran nan, sannan ta tambaya, "Inna, haka Baba ka yi?"

Zahara'u takan ce, "Haka na."

Ni da na sha jin muryar shekara da shekaru na san ba haka ba ne. Uwar ma ta sani.