Duwatsun Iyakar Gonar Gwaggo

Likita ne ya ce in riƙa tafiyar ƙasa saboda hawan jini, shi ya sa na shiga ƙungiyar masu yawon duwatsu a Birnin Kudu. Yawanci ma'aikata ne. Kowace Asabar mu fita da sassafe, mu dawo kafin la'asar. Har yau in na tuna su raina ɓaci yake yi. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, sai su hau dutse suna yabon kyan ƙauye, su sauko su wuce manomi ko sannu babu.

Shugabanmu mai kantin magani ne, kullum da usur a wuya, ga iyayi. Duk mararrabar da muka iso sai ya sa an tara duwatsu tsibi guda, wai don kada na baya su ɓata.

Ni da kaina na kai su Kwandiko, garinmu, cikin rani, gonaki fayau. A gindin tsauni gonar gwaggona take. Mijinta ya rasu, da gonar take ci. Tsakaninta da ta maƙwabci akwai fararen duwatsu a jere. Dattawa ne suka kafa su bayan doguwar rigima, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Shugaba ya hura usur ya ce, "Ku kwaso fararen can, za a fi hango su."

Na san ko mene ne. Na buɗe baki, sai kunya ta kama ni, kada a ce ɗan ƙauye ya fara. Na bar su suka kwashe, suka tara su a hanyar hawa tsaunin. Har hoto muka ɗauka a jikin tsibin. Na ce a raina zan dawo in mayar, Asabar ta bi Asabar ban je ba.

Ruwan shuka na sauka, maƙwabcin ya sa shanun huɗa ya shiga gonar Gwaggo kunya takwas, daidai inda dawarta ta fi yi. Ta kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce ta kawo shaidar iyaka. Na hau tsaunin na sauko da duwatsun a buhu. Maƙwabcin ya yi dariya ya ce yanzu ai duk inda na ga dama zan ajiye su.

Na sami shugaba a kantinsa, na faɗa masa abin da ya faru. Ko ɗagowa bai yi ba. "Haba Malam, a kan duwatsu? Me ya fi dutse yawa a ƙasar nan?" Na gaya masa maganar da ba zan rubuta ba, na bar ƙungiyar.

Na je wurin Gwaggo ina ta zaginsu, ina cewa marasa tarbiyya ne. Ta bar ni na gama, tana tsince wake a faifai.

"Su baƙi ne, ɗana, ba su sani ba," in ji ta. "An ce kana wurin. Kai ma ba ka sani ba?"