Baban Ɗakin Sanyi da Layinsa Ɗaya

Ina tsugune ina wanki abokin aikin ɗana ya shigo riƙe da takalman yaron. Na tsame hannu daga kumfa, sai ya ce, "Mama, katako ya karye da shi a hawa na huɗu." Ɗana magini ne, shi kaɗai gare ni.

A bayan asibiti, inda ake ajiye gawa, na san mutumin da nake so ku sani. Baban Ɗakin Sanyi ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofar nan da ƙarfe shida na safe, ya wanke tebur, ya jera soso da tawul, ya taje gashin waɗanda ba za su ƙara duba madubi ba. Cocinmu ɗaya, amma ban taɓa gaishe shi ba. Bencinsa kullum da fili, mutane ba sa son haɗa hannu da shi. Mai sharar asibitin ta gaya mini, ko gawar da ba a san danginta ba, ba ya taɓa ta sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta layi ɗaya, ya mai da shi addu'a da bakinsa. Ɗana kuwa, har simintin ƙarƙashin farce ya cire masa.

Bayan jana'iza bakina ya mutu. Matan coci suna ta cewa, "Ki gode wa Ubangiji a kan kome." Ni kuwa in na durƙusa, ba godiya ce a cikina ba, faɗa ne. Na ɗauka wanda ya yi wa Allah faɗa ya gama yawo, sai na daina durƙusawa. Wata uku. Na rasa ɗa, ga shi ina ji ina gani zan rasa Allah.

Takardar shaidar mutuwa ce ta mai da ni asibitin. Na tarar da Baba a bakin ƙofa yana shanya tawul.

Ya ce, "'Yata, kina addu'a kuwa?"

"Baba, in na buɗe baki, baƙar magana ce za ta fito."

"Ai ba a kanki aka fara ba. Kin iya karatu?"

"A aji uku na tsaya."

"Ni a biyu. Ashe malama ce. Zauna."

Ya buɗe Zabura, shafin duk warin magani. Ya ɗora yatsana a wani layi inda bawan Allah yake tuhumar Ubangiji da yin shiru. Da ƙyar na haɗa baƙin.

"Baba, wannan a cikin Littafi yake?"

"Shi da kansa ya bari aka rubuta. Ki karanta layi ɗaya, ki tsaya, ki ɗora naki a kai. Kada ki yi masa kwalliya, ya san fuskarki."

Na sake karantawa. Sai na ji bakina ya ce, "Kana ina lokacin da katakon ya karye?" Na yi kuka har majina. Baba bai ce in yi haƙuri ba. Ya jira na gama, ya ce amin.

Baba, an ce ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Na san ba mai yi maka taro. Kai ne mai wanke waɗanda kowa ke gudu, kai ne ka mai da ni gaban Ubangiji da fushina a hannu. Na gode, Allah ya hutar da gwiwar nan. Ku kuma 'yan cocinmu, ranar Lahadi ku miƙa masa hannu. In kun je gidan makoki, kada ku cusa wa mai kuka godiya a baki. Ku buɗe masa wurin nan a Zabura, ku zauna.

Ciwon bai tafi ba. Amma kowace safiya, kafin in ɗora ruwa a wuta, ina karanta layi ɗaya da yatsa a kai, in faɗi nawa. Wata rana faɗa, wata rana kuka kawai. Jiya ban sami abin cewa ba, sai na ce wa Ubangiji, "Ina kwana."