Tumakin Ullock

Shekara ashirin da bakwai na yi ina rabon wasiƙu a kwarinmu, kuma babu gidan da ya cinye mini takalma kamar gidan Isaac Ullock. Shi ne na ƙarshe kafin a hau dutse. Mota ba ta isa ƙofarsa, sai in ajiye ta a bakin gada in taka sauran da ƙafa, ga ruwan saman nan namu da bai san hutu ba. Sau da yawa takarda ɗaya tak ce ke kai ni can, ita ma ta masu tallar maganin tumaki.

Ike muke ce masa. Makiyayi ne, ɗan makiyayi, jikan makiyayi. Dogo, siriri, da wata hula da na tabbata ta girme ni. Magana tsada take masa. In ya ce miki "shigo ki sha shayi", to ya gama hirar ranar.

Sunan gidansu kuwa ba kasafai ake jinsa ba. Wani fasto da muka taɓa yi, mai son tone-tonen tsofaffin takardu, shi ya gaya masa wai asalinsa sunan wuri ne, daga bakin mutanen ƙasashen ƙanƙara na arewa da suka zo ta teku tun zamanin da, kuma wai ma'anarsa filin wasan kyarketai. Ike ya ce, "To, madalla. Kaka da kakanni muna gadin tumaki, ashe sunan ɓarawon muke yawo da shi." An daɗe ana tsokanarsa da wannan a kasuwa. Yana ɓata rai, amma na san daɗi yake ji.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Marjorie. Kamar kowaccenmu, ta shiga coci da sunan ubanta ta fito da na mijinta, suka tafi birni. Ike bai kawo komai a ransa ba sai da matarsa Hilda ta rasu. Ranar da aka kafa dutsen kabarinta, ya tsaya yana bin layin da kallo: Ullock, Ullock, Ullock, har bakin katanga, sai gurbi ɗaya da ya rage a gefen Hilda. Nan ne abin ya faɗo masa. Daga shi, an rufe babin sunan.

Sai ya tsiri wani aiki. Duk ranar kasuwa ya shiga ɗakin karatu na gari, ya sa a jibgo masa littattafan lambobin waya na ƙasar nan kaf, yana bi da yatsa. Wata uku ya yi a kai. Mutum goma sha tara ya samu masu sunan. Ya zauna ya rubuta wa kowannensu da hannunsa: shi tsoho ne, ga gona, ga tumaki ɗari uku, mai gonar da yake haya a hannunsa ya yarda, in akwai Ullock mai jini a jika, ya zo ya karɓa. Ni na kwashi wasiƙun, kuma ni aka bari da wahalar jiran amsa.

Tun daga gada nake hango shi jingine da ƙyaure.

"Doreen, yau ma babu?"

"Babu, Ike. Sai masu tallar takalmin roba."

"Kin dai duba ƙasan jakar?"

"Na duba. Ko in zazzage maka ita a taɓo ka gani?"

Amsoshin sun zo, ɗai-ɗai kamar haƙoran tsohuwa. Biyu daga zawarawa ne da suka samu sunan ta aure, suna masa fatan alheri. Ɗaya ta dawo ba a buɗe ba, mai ita ya mutu. Wani likitan haƙori a kudu ya ce shi ko kare tsoro yake. Mutum ɗaya ne ya zo da ƙafarsa, cikin farin takalmi. Ya ɗauki hotuna a maƙabarta, ya tambaya ko gidan na da tambarin sarauta da zai rataya a falonsa, ya sha shayi kofi biyu, ya kama gabansa. Sauran ko uffan.

Shekara biyu muna wannan. Wata rana haushi ya kama ni, don ganinsa a bakin ƙyauren nan ya fara hana ni sukuni.

"Haba Ike! Suna ne fa, ba zinariya ba. Ni da sunan Nicholson aka haife ni, aure ya mai da ni Bell, ko ciwon kai ban yi ba."

"Ku Bell ai kamar tsakuwa kuke," in ji shi. "Ko rabinku ya ɓace, wa zai lura?"

Na yi dariya, amma a hanyar dawowa hawaye na yi ta sharewa. Tausayinsa nake ji, kuma na gaji.

Gwiwoyinsa ne suka yanke hukunci. Da ya kai ba ya iya hawa dutse, dole ya saki gonar. Tumakinmu kuwa ba a tashi da su. Babu shinge a kan dutse. Uwa ce ke nuna wa ɗanta iyakar wurin kiwonsu, shi ma ya nuna wa nasa. In ka sayar da su nesa, da ƙafa za su dawo. Don haka garke na gona ne, wanda ya shigo shi ke gadonsa, har da shaidarsa. Ta gidan Ike jan layi ce a kafaɗa, da tsaga a kunnen hagu.

Wadda ta shigo wata 'yar kudu ce, Gillian Marsh, mace mai zafin nama da ba ta kai arba'in ba. Ranar miƙa gida Ike bai ba ta hannu ba. Gwangwanin jan fenti kawai ya dangwarar a gabanta, ya gangara bakin gada ya shiga motata. Na kai shi gidan tsofaffi a gari, wani ɗaki da tagarsa ke kallon bangon tashar mota. A shekarar ni ma na ajiye aiki. Nakan leƙa shi ranar Laraba, mu zauna kamar kurame.

Da kaka ta yi, lokacin taron makiyaya ya zo, ranar da kowa ke kawo tumakin da suka ɓato cikin nasa, a tara su a bayan masaukin ƙauye, mai abu ya ɗauki abinsa. Ike bai taɓa fashi ba tun yana ɗan shekara tara. Na ce ya shirya mu je.

"In je in yi me? Kallon jana'izata?"

"Ko ita ce, ai gara ka je ka ga wa ya zo. Ɗauko hularka, tsoho."

Muka je. Stan Birkett, wani ƙato mai murya kamar ganga, shi ke tsakiyar garke. Ya kama tunkiya, ya duba kunne, ya duba kafaɗa, ya ƙwala sunan gidan. Can sai ya damƙo wata mai jan layi.

"Ullock!"

Na ga hannun Ike ya saki sanda ya fara ɗagawa. Kafin ya kai ko'ina, wata murya ta amsa daga bayanmu.

"Ga ni!"

Gillian ce. Ta haura katanga ta ja tunkiyarta. Hannun Ike ya tsaya a iska, sannan ya koma kan sanda a hankali. Sau uku Stan yana kiran sunan a ranar, sau uku tana amsawa, kuma babu wanda ya ko waiwaya.

Da ta zo wucewa da tumakin ta gan mu, sai kunya ta kama ta.

"Ka yi haƙuri, Baba. Wallahi na gaji da gyara musu. A kasuwa ma haka suke kirana, har mai kawo abincin dabbobi. Sun ce tumakin Ullock ne, wai ni ce baƙuwa."

Na juya wajen Ike, don na san bakinsa. Ba ita yake kallo ba, ta ƙarshe cikin tumakin yake bi da ido.

"Waccan ɗingishi take," ya ce. "Ƙafar baya, ta hagu."

"Na gani. Gobe zan duba ta."

"Yau za ki duba, yarinya. Ba a san Ullock da gurguwar tunkiya ba."

Ta ce to, ta kora su ta wuce. Shi kuma ya ce in mai da shi gidan tsofaffi, ƙafafunsa sun gaji. Ko ƙauyen ba mu fita ba barci ya kwashe shi, hula ta rufe masa ido. Sai na rage gudu, na bi ta doguwar hanya.